Kuɗin Kirifto a Ma'aunin Fiƙihu: Kuɗi Ne ko Haja?

Gabatarwa

A shekarar 2009 aka fara amfani da Bitcoin, na farko a jerin kuɗaɗen kirifto. Babu babban bankin da ke buga shi. Ana rubuta mu'amalolinsa ne a kundi guda wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kuma adadinsa ba zai haura miliyan 21 ba. Kafin a ce halal ne ko haram, wajibi ne a tantance matsayinsa: kuɗi ne ko haja?

Abin da Ke Rataye da Amsar

Idan kuɗi ne, hukunce-hukuncen canji sun hau kansa: ba a musanya shi da naira ko dala sai hannu da hannu, kuma zakka ta wajaba a cikinsa idan ya kai nisabi, shekara ta zagayo. Idan kuwa haja ce, ya halatta a sayar da shi bashi, zakkarsa kuma ta kayan fatauci ce, inda Malikawa suke bambanta mai jujjuya kaya da mai ajiyewa yana jiran kasuwa.

Hujjojin Ɓangarorin

Masu ɗaukarsa kuɗi sun dogara da al'ada. A cikin Mudawwana, Imam Malik ya nuna cewa ko fatu ne mutane suka mayar kuɗi, zai ƙi a musanya su da zinare ko azurfa a kan jinkiri. A 1986 kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta ba kuɗin takarda hukuncin zinare da azurfa. Sai dai sharaɗin al'ada shi ne ta game jama'a. Ƙasar El Salbado ta mayar da Bitcoin kuɗin hukuma a 2021, amma a 2025 ta janye tilascin karɓarsa. Farashinsa kuma ya faɗo daga kimanin dala 69,000 a Nuwamba 2021 zuwa ƙasa da 17,000 bayan shekara guda. Abin da ke hawa da sauka haka, da wuya ya zama ma'aunin darajar kaya.

Hukumar kula da kasuwar hajoji ta Amurka ta ɗauke shi haja tun 2015, kuma a 2020 majalisar shari'a ta hukumar hannayen jari ta Malesiya ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista. Darul Ifta ta Masar kuwa ta haramta shi saboda garari da cutarwa. Majalisar Malaman Indonesiya ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi a 2021, ta kuma gindaya sharuɗɗa ga cinikinsa.

Kammalawa

A halin yanzu kirifto ya fi kusa da haja, domin galibin masu riƙe da shi riba suke nema, ba biyan farashi ba. Duk da haka, tsantseni shi ne a kiyaye sharaɗin hannu da hannu wajen musayarsa, kuma wanda ya mallake shi kada ya fake da saɓanin malamai ya hana zakka. Allah ne Mafi sani.