Maganin Tayirod Mai Aiki a Hankali: A Ina Ake Samunsa?

Shirinmu na yau ya shafi masu fama da raunin tayirod, wannan 'yar gaɓar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo.

Aikinta shi ne samar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da kuzari. In ta gaza, ko aka cire ta a tiyata, sai kasala ta rufe mutum, ga jin sanyi, ga ƙiba ba gaira ba dalili, gashi na zuba. Maganin da likitoci suka fi bayarwa shi ne lebotayiroksin, wato T4, ƙwaya ɗaya kullum, kuma yawanci har ƙarshen rayuwa.

Sai dai akwai waɗanda gwajin jininsu ya daidaita amma jiki bai daina ciwo ba. Kokensu gaskiya ne, bai kamata a ce musu raki suke yi ba. Su ne ke neman a ƙara musu T3. Matsalar T3 ita ce gaggawa: cikin awa 2 zuwa 4 ya kai ƙololuwa a jini, sannan ya yi ƙasa. Wasu sai zuciya ta riƙa dukan uku-uku, hannu na rawa. Shi ya sa ake sha'awar samfurin da zai riƙa narkewa sannu a hankali.

To, a ina ake samunsa? Hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da wani T3 mai narkewa a hankali ba. Wanda ake samu a can da Ostireliya, wasu kantunan magani na musamman ne ke haɗa shi bisa takardar likita, kuma ƙarfinsa kan bambanta daga wannan haɗi zuwa wancan. Ko T3 na yau da kullum ya wahalar da marasa lafiya a Ingila, inda a 2021 hukuma ta ci tarar kamfanin Advanz da masu jarinsa sama da fam miliyan 100 saboda tsawwala farashi.

Don haka in kun ga ana tallar T3 mai narkewa a hankali a intanet, ko wani ya ce yana rage ƙiba, don Allah ku yi hattara. Yawansa na rikita bugun zuciya, yana kuma cinye ƙashi. Mai juna biyu kuwa T4 ake ba ta, domin shi ne ke isa ga ɗan cikinta.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: shi lebotayiroksin da ma mai jinkiri ne, sai ya yi kusan kwana 7 kafin rabinsa ya bar jiki. Sau da yawa yadda ake shansa ne ke rage masa ƙarfi. A sha da ruwa zalla kafin a ci komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarfin ƙashi, a ba su tazarar awa 4. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali, a ajiye shi nesa da zafi da laima. In likita ya sauya awo, a koma gwajin jini na TSH bayan mako 6 zuwa 8. Mai azumi kuma ya zauna da likitansa kafin watan ya kama, su tsayar da lokacin sha.