Man Kaɗe A Kasuwannin Adjamé: Itacen Da Ba Mu Shukawa Ya Shiga Hannun Masana

Daga wakilinmu a Abijan

Duk wanda ya sauka daga motar gbaka a mahaɗar Liberté da ke Adjamé, ya taka sayyada ya nufi babbar kasuwar Forum, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da mata zaune a gaban manyan robobi da ƙorai shaƙe da man kaɗe. Wani fari ne, wani rawaya, wani kuma toka-toka, ana yanka da wuƙa ana ƙullewa a leda gwargwadon kuɗin mutum. Haka abin yake idan aka tsallaka gada zuwa babbar kasuwar Treichville. Da zarar hunturu ya leƙo birnin a watan Disamba ko Janairu, leɓe ya soma tsagewa, faso ya buɗe baki, sai ka ga ciniki ya kankama a gaban waɗannan robobi.

Mu Hausawa mazauna wannan birni ba baƙin man kaɗe ba ne. Da shi iyayenmu mata suke shafe jariri bayan wanka, da shi mai ɗori yake murza targaɗe, kuma akwai tsofaffin da har gobe in mura ta toshe musu hanci ɗan wannan mai suke lakatowa su shafa. Sai dai a cikinmu akwai waɗanda suka san itacen, kamar mutanen Gaya da Zariya da Kwantagora, akwai kuma waɗanda man kawai suka sani, kamar akasarin 'yan uwanmu na ƙasar Adar. A nan Abijan kuwa ko da kuɗi ba za a nuna maka kaɗanya a tsaye ba, domin ba ta son yawan ruwa da duhuwar kurmin kudu. Duk man da muke gani daga arewacin Kodebuwa yake fitowa, wajejen Korhogo da Ferkessédougou da Boundiali da Bouna, tafiyar kimanin kilomita 600, wani kuma daga Burkina Faso da Mali.

Tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami ita ce, wa ya shuka itatuwan da ake samun wannan mai? Amsa dai ita ce kusan babu. Kaɗanya tana fitowa a ƙasashen Afirka 21, tun daga Senegal har Yuganda, kuma kusan dukkanta tsirar Allah ce. Abin da manomi ke yi shi ne, idan ya zo sharar sabuwar gona sai ya sare sauran itatuwa ya bar kaɗanyar da ya ga tana da kyau. Wani bincike da aka yi a arewacin Ghana aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa wannan zaɓe da manoma suka daɗe suna yi ya bar alama a jikin itatuwan, ta yadda na cikin gonaki suka bambanta da na daji. Kuma al'adar ba ta jiya ba ce. A shekarar 2016 masu haƙar kayan tarihi na Jami'ar Oregon ta Amurka suka bayyana cewa sun tono ɓawon kaɗe a wani tsohon kufai mai suna Kirikongo a yammacin Burkina Faso, wanda ya nuna ana sarrafa shi a wurin tun wajen shekara ta 100 miladiyya. Baturen nan ɗan yawon buɗe ido, Mungo Park, da ya ratsa ƙasar Bambara a 1796, ya tarar da kasuwancin man ya riga ya kafu, har daga baya Turawa suka liƙa sunansa a tsohon sunan da masana ke kiran itacen da shi.

Dalilin da ya hana shuka ta ba ɓoyayye ba ne. Kaɗanya sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kuma kai ganiyarta sai ta doshi shekara 40 ko 50, ko da yake tana iya rayuwa fiye da shekara 200. Ga shi irinta ba ya ajiyuwa kamar gero ko dawa, in ya bushe ya mutu ke nan, dole a binne shi cikin 'yan kwanaki da faɗowarsa. Ko an yi haƙurin ma, ba tabbas ɗiyar za ta gado uwar, ana iya jiran shekara 20 a tashi da itace mai rowar 'ya'ya. Wane magidanci ne zai ba da filinsa ga irin wannan caca alhali ga kashu, wanda cikin shekara uku ko huɗu zai soma kawo kuɗi?

Nan ne gizo ke saƙar. Kodebuwa ce ke kan gaba a duniya wajen noman kashu, tana samar da sama da tan miliyan ɗaya a shekara, kuma yawancin gonakin suna yankin da kaɗanya take. Gonar kashu in ta haɗe ba ta barin rana ta sauka ƙasa, ballantana ƙaramar kaɗanya ta samu ta tashi. Noman auduga da garmar shanu ko tarakta shi ma yana tumɓuke 'yan tsiron tun ba su kai gwiwa ba. A da akan bar gona ta huta shekaru, a cikin wannan saura ne ƙananan kaɗanyu ke samun sukunin girma, yanzu kuwa jama'a ta yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, hutun gona ya zama tarihi a wurare da dama. Sai kuma masu gawayi, waɗanda suka san itacen kaɗanya yana da nauyi, gawayinsa yana daɗewa a murhu. A nan ya kamata mu ma mu tsargu, domin buhunan gawayin da ake saukewa a birane ba aljanu ke saye ba. Waɗanda suka tsira daga gatari kuma ga kauci ya ɗafe musu rassa yana tsotse su. Tun a 1998 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya kaɗanya cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazana.

Akwai wani abu da bai taɓa faɗo mana a rai ba sai da muka shiga wannan bincike, wato ƙudan zuma. Kaɗanya tana fure ne da rani, kuma furen ba ya zama ɗa yadda ya kamata sai ƙwari sun ɗauko garin fure daga wata bishiya sun kai wata. Binciken da masana na kwalejin Trinity da ke Dublin suka yi tare da takwarorinsu na Ghana da Burkina Faso, wanda aka buga a 2018, ya nuna ƙudan zuma da wasu ƙananan 'yan uwansu marasa harbi su ne ke yin mafi yawan wannan aiki, kuma rassan da aka hana ƙwari kaiwa gare su ba su yi 'ya'yan kirki ba. Wani da ya biyo baya a 2020 ya gano cewa inda aka bar itatuwa iri-iri a gona, kaɗanyar wurin ta fi samun baƙuncin ƙudan. Ashe manomin da ya share komai ya bar kaɗanya ita kaɗai, ko ya yi ta feshin maganin ƙwari ba lissafi, kwandon matarsa yake ragewa bai sani ba.

To, me masana suke yi a kai? Aiki mafi kusa da mu shi ne na Jami'ar Peleforo Gon Coulibaly da ke Korhogo. Malamanta sun bi ƙauyukan yankunan Bagoué da Tchologo da wasunsu, suna tambayar manoma da mata masu tsintar kaɗe su nuna musu itatuwan da suka fi yawan 'ya'ya, da girman ƙwallo, da zaƙi, da saurin nuna. Ta haka suka yi wa ɗaruruwan itatuwa rajista a matsayin zaɓaɓɓu. Abin da ya burge mu shi ne ba daga ofis aka zauna aka zaɓa ba, ilimin tsohuwar ƙauye aka fara nema kafin a kawo ma'auni. Daga waɗannan zaɓaɓɓu ake yanko reshe a yi wa ƙaramin tsiro aure, kamar dai yadda muka sani a mangwaro mai aure. Gwaje-gwaje a Ghana da Burkina Faso da Mali sun nuna auren yana rage shekarun jira ƙwarai, kuma itacen yana ɗauko halin uwar da aka yanko shi daga jikinta.

Sai a shekarar 2021 wata tawagar masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar New Hampshire ta Amurka, tare da abokan aiki na Afirka, ta fitar da cikakkiyar taswirar ƙwayoyin gadon kaɗanya. Don mai karatu ya gane, kowace halitta tana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta wanda ke tsara kamanninta da halinta. Na kaɗanya an same shi a ƙunshi 12, da ƙwayoyin gado sama da 38,000, an kuma gano waɗanda ke da hannu wajen haɗa mai. Amfanin wannan ga mai gona shi ne, maimakon a jira shekara 20 kafin a san ko itace na kirki ne, ana fatan nan gaba a tsinki ganyen tsiro tun yana cikin leda a auna, a san wanda ya cancanci a ba shi fili. Fata ne dai tukuna, taswira daban, isa gari daban.

Binciken gado ya kuma warware wani abu da 'yan kasuwa ke muhawara a kai. Kaɗanya iri biyu ce. Ta yammacin Afirka, wato tamu, manta yana daskarewa ya yi tauri, ta gabas kuma, wadda ake samu a Yuganda da Sudan ta Kudu, nata mai laushi ne har yakan kusa zama ruwa. Wannan taurin na man yamma shi ya sa masu cakulan ke rububinsa, domin yana kama da man koko. Mutane da yawa suna zaton kamfanonin man shafawa ne ke kwashe kaɗen Afirka, alhali kusan kashi 9 cikin 10 na wanda ake fitarwa abinci yake shiga. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta halatta a sa wasu mayuka shida, har da man kaɗe, zuwa kashi 5 cikin 100 a cikin cakulan. Manoman koko na kudancin ƙasar nan sun ji zafin dokar, ita kuwa kaɗanyar arewa kasuwa ta buɗe mata. Faɗuwar wani, tashin wani, kuma duk a gida ɗaya.

Ta fuskar kwalliya, abin da ya bambanta man kaɗe da su man gyaɗa shi ne wani kaso nasa da ba ya narkewa ya zama sabulu, wanda ke ƙunshe da sinadarai masu laushe fata. A 2010 masana a Japan suka ware wasu daga cikinsu suka gwada a jikin ɓeraye, suka ga suna rage kumburi. Tun kafin nan, a 1979, wani malami a Jami'ar Legas ya gwada shafa man a hancin masu fama da toshewar hanci, ya ba da rahoton cewa ya buɗe musu. Gwajin na mutane kaɗan ne, amma dai tsofaffinmu sun samu shaida. Kamfanin L'Occitane na Faransa yana sayen man daga matan Burkina Faso tun shekarun 1980, The Body Shop na Ingila kuma daga ƙungiyar matan Tungteiya ta arewacin Ghana tun 1994.

Sai dai a yi hattara da bakin 'yan talla. Man kaɗe ba ya sa fari, kuma kariyar da yake bayarwa daga zafin rana kaɗan ce. Duk kwalbar da aka rubuta sunansa a jiki aka ce tana haske fata cikin mako guda, to wani abu aka zuba a ciki. Idan ba a manta ba, a 2015 gwamnatin Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa, amma wanda ya zaga Adjamé ya san ba su ƙare ba. Launin rawaya kuwa ba shi ne alamar inganci ba, saiwar rawaya ake jefawa lokacin dahuwa. Abin dubawa shi ne wari, domin ƙwallon da bai bushe da kyau ba yana ba da mai mai ɗaci da saurin lalacewa, wanda aka busar da hayaƙi kuma yana ɗauko ƙauri da dattin da Turawa ke mayar da kaya saboda shi.

Duk wannan mai, kafin ya iso roba a Liberté, ya bi ta hannun macen da ta fita da asuba a farkon damina tana tsintar 'ya'yan cikin ciyawa, inda maciji ke kwance. Ita za ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta soya, ta niƙa, sannan ta durƙusa tana bugun ƙullun da hannu har man ya taso. Ƙungiyar masu harkar kaɗe ta duniya, wadda aka kafa a 2011 mai hedkwata a Accra, ta ƙiyasta irin waɗannan mata sun kai miliyan 16. Idan aka kwatanta abin da ke shiga hannunsu da kuɗin 'yar ƙaramar kwalba a kantunan Plateau, sai a tuna da karin maganar nan, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnatoci sun ce sun farga. Burkina Faso da Mali sun dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe a 2024, Kodebuwa ta bi sahu a Janairun 2025, Nijeriya kuma ta sanar da nata hanin na wata shida a Agustan 2025, duk da nufin a sarrafa shi a gida. A ganinmu niyyar mai kyau ce, amma a Nijeriya kafofin watsa labarai sun ruwaito cewa farashin ƙwallon ya faɗi cikin 'yan kwanaki da sanarwar, kuma mai tsinta ce ta fara ji a jikinta, ba mai masana'anta ba. A nan Kodebuwa, a shekarar 2025 ɗin aka damƙa kula da harkar kaɗe ga hukumar da ke kula da auduga da kashu, wato amfanin gona biyun da ke cin filin kaɗanya a Korhogo da Boundiali. Yanzu teburi ɗaya ne zai yanke wa ukun hukunci.