Mu Lura da Tafiyar Tsofaffinmu Tun Ba Su Faɗi Ba

A zagayen da muke yi cikin ikilisiyoyi mukan tarar da bencin dattawa da giɓi ran Lahadi. In mun tambaya sai a ce Baba ya faɗi a hanyar bayan gida, ƙugu ya karye. Da an bi diddigi kuwa, sai a ga ya yi watanni yana jan ƙafa, ba wanda ya kula.

Faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ne. Mun san labarin Eli firist a 1 Sama'ila sura 4, wanda ya faɗi daga kujera yana da shekara 98, wuyansa ya karye. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ta fi ɗauka.

A ƙasashen da tsofaffi da yawa ke zama su kaɗai, an ƙirƙiro ƙananan na'urori masu jin motsi. A Japan, cikin 2001, kamfanin Zojirushi ya fitar da butar shayi mai aika saƙo ga 'ya'yan tsohuwa a kan lokutan da ta zuba ruwan zafi. In gari ya waye ba a taɓa butar ba, sun san da magana. A jihar Oregon ta Amurka, masu bincike sun jera na'urori a rufin gidajen tsofaffi, suna auna saurin tafiyar mutum duk sa'ad da ya wuce ƙarƙashinsu. Akwai wadda ake sa wa a ƙarƙashin katifa, tana ƙirga sau nawa ya tashi da dare. Akwai kuma agogon hannu mai kiran taimako in mai shi ya faɗi bai motsa ba.

Na'urar ba ta tare mai faɗuwa. Aikinta shi ne ta gwada tafiyar yau da ta watan jiya, domin rauni yakan shigo a hankali, idon da ke ganin mutum kullum ba ya kama shi. Baba kuma, kun san shi, ko yana dafa bango “lafiya lau” zai ce.

Waɗannan na'urori suna bukatar kuɗi, da wuta, da intanet. Amma akwai gwajin da ma'aikatan lafiya ke yi wanda ba ya bukatar komai sai kujera mai hannu da agogon waya. A auna mita 3 daga kujerar, a ja layi. Tsoho ya tashi, ya taka zuwa layin yadda ya saba, ya juyo ya zauna, wani yana kusa da shi. In yana dogara sanda, ya riƙe abarsa. In ya ci daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin hatsarin faɗuwa.

Muna roƙon Zumuntar Mata da matasa su haɗa wannan da ziyarar gida sau ɗaya a wata, su rubuta sakamakon a littafi ɗaya, tare da kwanan wata. A fara neman izini cikin ladabi, kada a yi shi gaban taron jikoki. In lambar tana hawa, a kai shi asibiti a duba idanu, da hawan jini, da magungunan da yake sha, gama waɗansu suna sa jiri. A gida kuma a cike ramukan tsakar gida, a rage tsayin dokin ƙofa, a ajiye tocila kusa da gado.

Kuskuren da muka fi gani shi ne a hana tsoho motsi don tausayi. Zama wuri ɗaya yana ƙara kashe ƙafa. In Mama tana so ta taka zuwa sujada, a samu mai raka ta, a fita da wuri.