Garkuwar Jiki Ko Ƙwayar Tsutsa: Wa Ke Tsare Yaron Watari?

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, yaro kan wuni a fadama ba takalmi, ya tsinki tumatir ya kai baki ba wanki. Ta baki ƙwan tsutsar ciki ke shiga, wata irin kuma ta huda fatar ƙafa. Dattawa da yawa na ganin jiki zai saba da kansa, tunda su ma haka suka tashi. Ma'aikacin lafiya kuwa ƙwaya yake miƙawa.

Maganar dattawan tana da tushe. Babbar tsutsa kan kai santimita 30, ta fi ƙarfin fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta yadda suke yi wa ƙananan ƙwayoyin cuta. Sai jiki ya sake dabara. Wasu ƙwayoyi da ake kira Th2 su ba da umarni, a ƙera sinadarin kariya na IgE ya manne wa tsutsar, ƙwayoyin iyosinofil su biyo sawu su zuba mata guba. Bangon hanji ya ƙara yauƙi da ruwa, ya ƙara murɗawa, har ya tunkuɗo ta waje. Ikon Allah ke nan, ba sisin kwabo. Binciken da aka yi a Gambiya, aka buga a 1991, ya nuna masu yawan IgE ba su cika sake kamuwa da tsargiya ba, cutar da ita ma tsutsa ke kawo ta.

Sai dai wannan garkuwa nawa gare ta. Shekaru take ɗauka kafin ta ƙosa, kuma tsutsar tana fitar da sinadaran da ke kwantar da ita. Kafin ta yi ƙarfi, yaron ya riga ya rame, jininsa ya ragu, karatu ya gagara. Mai huda ƙafar ma, girma ba ya hana ta zama a cikin mutum.

Ƙwayar ma'aikacin lafiya fa, wato albendazol? Ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 tana kashe yawancin manyan tsutsotsi cikin 'yan kwanaki. Amma ba ta koya wa jiki komai. Macen babbar tsutsa guda tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana, kuma muddin ana bahaya a bakin gona, cikin watanni tsutsa za ta dawo. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa maimaita wa yara sau ɗaya ko biyu a shekara inda cutar ta yi yawa.

A ganina, ga yaron da ke girma, ƙwaya ce gaba, domin ba shi da shekarun jiran garkuwa. Iyayen Watari, idan an zo rabon magani a makaranta ko Islamiyya, ku bar 'ya'yanku su sha. Ku haƙa masai, ku saya musu ko da silifa ne.