Ƙafar mota ba ta fita sai ta yi kuka: zancen rulma

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, damina ta ja baya, kaka ta kusa. Motocin ƙungiyoyi da na ƴan kasuwa za su fara jigilar hatsi, wake da gujiya, can wajen Galmi da Madawa kuma albasa na tafe. Galibin motocin ga tsofaffi ne, Land Rover ko Toyota Land Cruiser. Su ne ke kai buhu kasuwa, su ne kuma ke kai mai naƙuda likita da tsakar dare. Don haka yau za mu bar zancen iri da taki, mu duba wani ƙaramin ƙarfe da ke ɓoye cikin ƙafar gaba.

Makanikai na ce mishi rulma. In kun tsallaka Jibiya ko Kano sayen kaya, can boris suke cewa. Zobe ne mai ɗauke da ƴaƴan ƙarfe masu siffar ƙwallon dabino, suna gangarawa cikin wani ƙoƙon ƙarfe mai santsi. Kowace ƙafar gaba tana da guda 2, na ciki da na waje. Nauyin mota da na kaya duk bisa kansu yake, giris kaɗai ke raba ƙarfe da ƙarfe.

Abu biyu ke kashe rulma a ƙasarmu: rairayi da ruwa. Na ruwan ya fi muni, kuma direbobi ba su cika kula da shi ba. Mota ta yi tafiya, cibiyar ƙafa ta yi zafi, sai a tsunduma cikin Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba ko wata korama ta Maggiya. Ƙarfe mai zafi in ya huce farat ɗaya, iskar da ke ciki tana tsukewa, sai ta zuƙo ruwa da laka ta bakin robar da ke tare giris. Ba a ganin komi ranar. Bayan wata guda ko biyu tsatsa ta ci ƙoƙon, daidai lokacin da aka fara lodin kaka.

Alama ta fari kuka ce. Wani gurnani ne kamar na injin niƙa daga nesa, shina ƙaruwa in gudu ya ƙaru. Cikin rairayi ba ku jin shi, sai an hau kwalta. Kukan taya shina canzawa in hanya ta canza, na rulma ba ya canzawa. Ga dabarar gane ɓangaren: in an karkata sitiyari dama, nauyi shina komawa hagu. In kukan ya ƙaru a lokacin, rulman hagu ne. In ya ƙaru da aka karkata hagu, na dama ne.

Alama ta biyu zafi. Bayan tafiyar kilomita 15 ko 20, a tsaya, a kai bayan hannu kusa da cibiyar ƙafa, dama da hagu. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma in guda ta fi ƴar'uwarta zafi ƙwarai, har hannu bai iya daɗewa, akwai magana. A tuna dai birki mai kamewa shi ma shina kawo zafi, kada a yanke hukunci da wannan kaɗai.

Gwaji na uku shi ne mai raba gardama. A sa dutse gaba da bayan ƙafar baya, a ɗaga ta gaba da kirik. A kama taya sama da ƙasa, a girgiza da ƙarfi. In kun ji tana ƙwas-ƙwas, ku sa wani shi taka birki, ku sake girgizawa. In motsin ya ɓace, rulma ne. In shina nan, to ciwon na wurin da ƙafa ke juyawa in an murɗa sitiyari, wannan wani aiki ne daban. Daga nan a juya taya da hannu a kasa kunne. Mai lafiya shiru take juyawa. Mai ciwo kamar ana niƙa tsakuwa.

Wani lokaci noti ne kawai ya saki, ɗauri ya isa. Amma sai an buɗe ake sani. In giris ya koma launin tsatsa ko ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. In cikin ƙoƙon ya yi zanzana, ko ƙarfen ya yi shuɗi, ko kun ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe cikin giris, rulman ya gama aiki. Wanda ya bar shi haka, wata rana zai kame, shi narke bisa sandar ƙafa, ƙafar ta fita mota na gudu da mutane bisa buhuna.

Wajen canzawa, a nemi wurin da ba iska, a shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta. Ƙwayar rairayi guda cikin sabon giris ta isa ta fara ɓarna. A sa katako ƙarƙashin kirik don kada shi nutse, a tokare mota da kututture mai ƙarfi. Kirik kaɗai ba abin amincewa ba ne, tubalin siminti kuma shina fashewa.

A cire taya. In birkin na faifai ne, a kwance makamin a rataye shi da waya, kada a bar shi shina lilo bisa tiyon mai. A cire murfin cibiya. Ga Toyota akwai wasu ƙananan zobba masu tsini a gindin notocin murfin, sai an ɗan buga da ƙarfe mai taushi suke tashi, kuma suna tsalle su ɓace cikin ƙasa. Ciki za ku tarar da manyan noti 2, tsakaninsu faifan ƙarfe mai kunnuwa da anka lanƙwasa. Kile mai lamba 54 ke kwance na Land Cruiser, na Land Rover 52. Na sha ganin ana sarar notin ga da kurfi da guduma. Ƙungiyar da ke da mota ta sayi kilen ta ajiye, kuɗinsa bai kai ɓarnar da kurfi ke yi ba.

In an janyo cibiya, rulman waje zai faɗo hannu, na ciki shina bayan roba. A wanke komi da gazuwal. Nan ne masu tsimi ke kuskure: su sa sabon rulma cikin tsohon ƙoƙo. Tsohon ƙoƙo shina cinye sabon rulma cikin ɗan lokaci, kuɗi sun tafi banza. A fitar da ƙoƙon ta baya, ana bugu nan da can don kada shi karkace. Wajen sa sabon, a ɗora tsohon bisa kansa a riƙa bugawa a hankali, har ƙarar guduma ta canza. Wannan ne alamar ya zauna.

Kowane rulma da lamba rubuce a jikinsa. Ku da kunka yi karatun yaƙi da jahilci, ga ranar amfaninsa: ku kwafe lambar bisa takarda, ku tafi da tsohon kasuwa, ku gwada su da idonku. Akwai jabu da yawa cikin kwalaye masu sunan Koyo, SKF ko Timken. Wanda arharsa ta wuce hankali, ko rubutunsa bai fito sosai ba, ku bar ma mai shi. Ku sayi sabuwar roba da sabon faifai mai kunnuwa tare.

Giris ba shafawa ake ba, cusawa ake. A zuba shi a tafin hannu, a riƙa danna gefen rulma ciki har shi ɓullo ta ɗaya gefen, a zagaye duka. A duba sandar ƙafa, in ta yi kwari inda roba ke zama, ruwa zai sake shiga.

Saura ɗauri, wanda shi ne rabin aikin. A ɗaure notin fari da ƙarfi ana juya cibiya don komi shi zauna, sa'an nan a sassauta shi, a sake ɗaurewa kaɗan kawai, yadda ba girgiza kuma cibiya na juyawa ba tauri. Wanda anka matse da yawa shina ƙonewa kafin a kai Dakwaro daga Maraɗi. A sa faifai, a ɗaure noti na biyu, a sake gwadawa, don na biyun shina ƙara matse na fari. Sai a lanƙwasa kunnuwa.

Masu amalanken shanu da na jaki, zancen ga ya shafe ku, don ƙafafunku ma bisa rulma suke, kuma gwajin girgiza ɗaya ne.

Kafin mota ta tashi, a taka birki sau da yawa har shi yi tauri. Bayan kilomita 20 a tsaya a taɓa cibiya. Bayan kasuwa guda a sake ɗagawa a girgiza. Ƙafar ɗayan ɓangaren kuma, tun da gulbi guda sunka shiga tare, a buɗe ta ita ma a duba girisinta.