Ko Kun Sani?

Motar a-kori-kura da aka cire mata birkin ganga na baya aka sa na faifai tana iya wayar gari da birki mai laushi a ƙarƙashin ƙafa, alhali ko ɗigon mai bai yi yoyo ba, kuma sau da yawa illar ba ta wuce an sa mamatsin faifai na dama a hagu, na hagu a dama ba. Idan aka yi wannan musaya, ƙusar fitar da iska takan koma ƙasa, ita kuwa iska bisa ɗabi'arta sama take hawa, saboda haka sai ta maƙale a ƙoƙon mamatsin, ko da bakanike zai wuni yana bugun birki yana zubar da mai. Hikimar al'amarin ita ce man birki ba ya matsuwa, amma iska tana matsuwa, sai ta shanye ƙarfin ƙafar direba tun bai isa faifai ba. Wani sababin kuma, wanda akan yi sakaci da shi, mamatsin faifai ya fi birkin ganga shan mai, har tsohon famfon birki ya kasa ƙosar da shi.