Yanyawa da jaɓa: wa ke cin me a gona da cikin gida?

Jama'ar Guci da kewaye, da ƴan uwa na nesa masu bin shafinmu, yau batun namun jeji biyu ne da muke kashewa ba tare da mun san aikinsu ba. Dukansu suna haihuwa suna shayarwa, amma daga nan hanya ta rabu.

Yanyawa dangin kare ce da dila. Haƙoranta 42, da fiƙa ta yaga nama. Tamu ta ƙasar yashi launin ƙasa gare ta, nauyinta bai cika wuce kilo 3 ba. Da rana tana cikin rami, da dare take fita. Babbar ƴar uwarta mai jan gashi tana Turai da Asiya da arewacin Afirka. I, yanyawa tana ɗaukar kaza in akurki ya kwana buɗe. To amma yawancin abincinta ɓeraye ne da fara da ƙadangaru da ƴaƴan itace. Wanda ya toshe raminta, ɓerayen gonarsa ya yi wa gata.

Jaɓa kuwa, kamar ɓera take a ido, sai dogon baki da wari. Ba ɓera ba ce. Ɓera na da haƙoran gaba masu tsiro kullum, shi ya sa yake gurgurar buhu da rumbu. Na jaɓa ƙanana ne masu tsini, na cin kyankyasai da gyare da tsutsa. Ba ita ke cinye geronka ba, ko da a gindin rumbu ka gan ta.

Kama a ido kan ruɗi har masana. A kudancin Afirka akwai wata ƴar dabba mai gashi mai ƙyalli, makauniya, fata ta rufe idanunta, tana ninƙaya cikin yashi tana cin gara. An daɗe ana lissafa ta da dangin jaɓa, sai binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ta fi kusa da giwa da dabgi. A 2023 aka sanar da sake ganin wani irinta a Port Nolloth, bayan sama da shekara 80.

Hattara dai: yanyawa na iya ɗaukar ciwon haukan kare. In ta ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ran nan.